Dashen Gashi: Riba Da Hasarar Mai Neman Rabuwa Da Sanƙo

A 'yan shekarun nan wata sabuwar talla ta shigo ƙasar nan ta cikin wayoyin hannu, watau tallar dashen gashi ga masu sanƙo. Akan nuna hoton mutum da kansa fayau, sa'an nan a nuna shi bayan shekara guda da suma har goshi, a ƙasa kuma a rubuta farashi da dalar Amurka, haɗe da masauki a birnin Istanbul na ƙasar Turkiyya. Tallar tana isa ga ma'aikacin Sakatariyar Dutse kamar yadda take isa ga ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse. Tun da yake al'amari ne da ya shafi wuƙar likita da kuma kuɗin jama'a, wajibi ne a san abin da aikin yake iyawa da abin da ba ya iyawa.

Da fari dai, hula ba ta kawo sanƙo, rawani ma haka. Sanƙon maza gado ne, ta wajen uwa ko ta wajen uba, abin da ke aiwatar da shi kuma wani sinadari ne da jikin namiji yake sarrafawa, wanda likitoci suke kira DHT. Wannan sinadari yakan riƙa tsuke saiwar gashin goshi da na tsakar ka a hankali, gashin ya yi ta sirancewa har ya daina fitowa. A shekarar 1942 wani masani a Amurka, James Hamilton, ya nuna cewa mazan da aka dandaƙe tun kafin su balaga ba su yin sanƙo, abin da ya tabbatar da asalin lamarin. To, amma gashin ƙeya da na gefen kunnuwa bai cika jin wannan sinadari ba, shi ya sa tsoho mai sanƙo yakan tsira da kewayen gashi a bayan kansa.

A kan wannan bambanci aka gina aikin dashe, kuma manomin dabino a Dutse ba ya bukatar dogon bayani a kansa. Ya san cewa ɗan dabinon da aka yanko daga gindin uwa, duk inda aka dasa shi, irin 'ya'yan uwarsa zai yi. Haka gashin ƙeya yake: in aka ɗauke shi da saiwarsa aka kai goshi, yakan tafi da halinsa na jure wa sinadarin. Likitan fata Norman Orentreich na birnin New York shi ne ya bayyana wannan ƙa'ida a shekarar 1959. Sai dai manomin ya san wani abu kuma, cewa uwar dabino ba ta ba da 'ya'yan dashe ba iyaka. Ƙeya ma haka take. Likita ba ya ƙara wa mutum ko da silin gashi ɗaya, abin da yake yi shi ne ɗiba daga baya ya kai gaba, kuma inda aka ɗiba ba ya sake tofowa.

Hanyoyi biyu ake bi. Ta farko, a yanko ɗan tsirin fata daga ƙeya, a ɗinke wurin, a rarraba fatar ƙanana ƙanana a dasa, wannan kuwa takan bar dogon tabo. Ta biyu, wadda ta bazu tun daga shekarar 2002, ita ce a riƙa cire saiwoyin ɗaya bayan ɗaya da wani ɗan ƙarfe mai huda, kowane tushe yana ɗauke da gashi 1 zuwa 4. A zama guda akan dasa tushe 2,000 zuwa 3,000, aikin da kan ci kusan wuni bayan an yi wa fatar kai allurar kashe zafi. Gashin da aka dasa yakan zube cikin 'yan makonni, ya soma tofowa bayan wata 3 ko 4, ba a kuma ganin cikakken sakamako sai an kai shekara.

Akwai abubuwa uku waɗanda masu talla ba su cika ambata ba. Na farko, dashe ba ya tsayar da sanƙo. Gashin asali da ke bayan wurin da aka dasa yana ci gaba da zubewa, don haka saurayi ɗan shekara 25 da ya yi gaggawa zai iya wayar gari yana da shekara 40 da tuntun gashi a goshi, fili a bayansa, ga ƙeya ta riga ta ƙare. Saboda haka ne likitoci suke haɗa aikin da magani, watau Minoxidil na shafawa, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1988, ko kuma Finasteride na haɗiya, wanda ta amince da shi a 1997. Dukkansu biyu in an daina, amfaninsu ya tafi, na biyun kuma yakan rage sha'awar iyali ga kaɗan daga cikin masu shansa.

Na biyu ya shafi baƙar fata. Gashin mutumin Afirka a murɗe yake, murɗewar kuwa tun daga ƙarƙashin fata take farawa, saboda haka ƙarfen da aka saba hudawa da shi a kan miƙaƙƙen gashi yana iya datse saiwar idan hannun bai ƙware ba. Saiwar da aka datse kuwa sau da yawa akan yi hasararta. Bugu da ƙari, baƙar fata ta fi saurin yin tabon nan mai tudu wanda yake ci gaba da girma bayan rauni ya warke. Duk wanda ya taɓa ganin yadda huda kunne ko tsagar wanzami ta bar wa wani ƙululu ya san shi. Akwai kuma ƙurajen ƙeya da ke addabar wasu maza masu yawan aski ƙwal, kuma daidai wurin da suke fitowa nan ne ake ɗibar gashin dashe. Ba kowace zubewar gashi ce ma sanƙon gado ba, domin makero da wasu cututtukan fata suna cin gashi, kuma maganinsu dabam ne.

Na uku shi ne kuɗi. Kafin watan Yuni na 2023 ana sayar da dala a hukumance a kan naira 460 da ɗoriya, amma a cikin 2024 ta haura naira 1,500. In an ƙaddara kuɗin aikin dala 2,000, wanda yana cikin masu sauƙi, ya kama naira miliyan 3 ke nan a canjin 2024, ban da kuɗin jirgi. Dokar da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000, watau ƙaramin ma'aikaci sai ya tara albashinsa na fiye da shekara 3 da rabi bai taɓa ko kwabo ba. Bayan wannan, wanda aka yi wa aiki a ƙasar waje yakan dawo gida cikin 'yan kwanaki, idan wurin ya ruɓa ko ya kumbura, wanda ya yi aikin yana can nesa, nauyin sai ya faɗa kan likitan gida wanda bai san abin da aka yi ba.

Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na 2007 a Malesiya, ta sanya dashen gashi ga wanda nasa ya zube a cikin ayyukan gyaran jiki da suka halatta, domin mayar da abin da aka rasa ne. Ashe ke nan tambayar da ta rage ta amfani ce da ta tsaron lafiya.

A nan ne ya kamata hukuma ta duba asalin wannan ilmi. Likitan da ya fara bayyana dashen gashi filla-filla, Shoji Okuda na Japan, a shekarar 1939, ya yi aikin ne a kan masu tabo, har da waɗanda wuta ta cinye wa gira da fatar kai. Jihar Jigawa ta san irin wannan bukata. A watan Oktoba na 2024 wata tankar mai ta kama da wuta a garin Majiya cikin Ƙaramar Hukumar Taura, inda fiye da mutum 150 suka rasu, wasu da yawa kuma suka tsira da munanan ƙuna. Waɗanda suka rayu suna bukatar dashen fata, da sakin gaɓoɓin da tabo ya ɗaure, da gyaran fuska, ayyukan da kan ɗauki shekaru. Ƙwararren da ke yin waɗannan ɗan gida ɗaya ne da mai dashen gashi. Idan aka ƙarfafa sashen tiyatar gyaran jiki da na cututtukan fata a Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni da ke Dutse da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, mai ƙuna zai sami magani kusa da gida, mai sanƙo kuma zai sami wanda zai faɗa masa gaskiya kafin ya sayi tikiti.

Har ila yau, ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Jiha ta sa ido tun da wuri, domin duk cinikin da ya yi kasuwa ba ya rasa 'yan bumburutu. Dashen gashi tiyata ce, ba aikin shagon aski ba, kuma doka ba ta yarda kowa ya yi aikin likita a Nijeriya ba sai mai rajista da Majalisar Likitoci ta ƙasa.

Shi kuwa mai niyya, kafin ya biya ko sisi, sai ya fara ganin likitan fata a tabbatar da irin zubewar da ke damunsa, ya faɗi ko shi ko danginsa suna yin tabo mai tudu, ya nemi sanin sunan wanda zai riƙe ƙarfen da hannunsa da ko ya saba da gashin baƙar fata, ya kuma tambayi yawan abin da za a bar masa a ƙeya domin gaba. In amsoshin ba su gamsar ba, haƙuri ya fi, domin sanƙo ba cuta ce mai kisa ba, kuma a ƙasar Hausa hula ta daɗe tana rufa wa malami da attajiri asiri ba tare da mutuncinsu ya ragu ba.