Kayan da aka dawo da su ma lissafi ne

Yawancin masu tallar waya da caja a WhatsApp da Instagram a Dutse cinikin da ya faɗa kawai suke ƙirgawa. Kayan da aka dawo da su kuwa, sai tsaki, a cusa a lungu. Nan asarar take.

A ce matashi ya saro caja 20 daga Farm Centre a Kano, 5 suka dawo. Ɗaya cikin huɗu ke nan, ga kuɗin motar aike zuwa Kiyawa ko Birnin Kudu, ga amana ta zube. Da zai rubuta dalilin kowace, wataƙila ya gano cajar lafiyarta ƙalau: hoton ne bai nuna bakinta Type-C ne ko tsohon yayi ba.

Gyaran ba ya cin ko kwabo. A sake hoto, a faɗi wayoyin da take shiga. Abin da ya ci gaba da dawowa a sauke shi daga sahun gaba, komai farin jininsa.

Dutse ba Legas ba ce. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ɗaya ya ji an cuce shi, kafin magariba ajinsu duk sun ji.