Ra'ayi: Wa zai taka gidan yaron da bai zo lakwal ba?

Jama'a, yau a kan fashin makaranta nake son mu yi magana, kuma da laifina zan fara kafin in taɓo na kowa.

Shekarata ta biyu da fitowa daga makarantar horar da malamai, aka ba ni ajin CE2 a wani ƙauye na jahar Damagaram. Akwai wata yarinya da ke zama a bencin gaba, mai kaifin kai a lissafi. Da farko ranar kasuwa kawai take fashi, don ana ɗora mata tallan ƙuli-ƙuli. In na kira suna sai ƴan aji su ce "absan", in sa alama a rajista, in ci gaba da darasina. Daga baya abin ya koma kwana biyu a sati. Ran da ta dawo bayan fashin kwana huɗu, na tsayar da ita gaban aji na zane ta, ko dalili ban tambaye ta ba. A ganina lokacin, tarbiyya nake yi. Da aka dawo hutun watan Disamba, bencinta babu kowa.

Sai da aka yi wata biyu kafin in taka gidansu, tafiyar da ba ta kai minti goma ba daga lakwal. Can na tarar ashe uwar ce kwance ba lafiya tun kaka, uban kuma ya tafi cin rani. Yarinyar ke ɗebo ruwa, ita ke daka, ita ke goyon ƙanenta. Na roƙi a maido ta, sai kakarta ta dube ni ta ce: "Mushe, ai da ka zo tun da wuri." Har yau maganar nan tana ci mini rai.

Abin da na koya ke nan: yaran da muke rasawa da kaɗan-kaɗan suke zamewa, yau kwana ɗaya, gobe biyu, kuma rajistar kiran suna tana nuna mana komi. Matsalar ita ce muna rubuta fashin da biro, mu rufe littafi, babu mai bin sa da ƙafa.

Iyaye da yawa suna ce mini: "Haba mushe, kwana ɗaya ne fa a sati." To mu yi lissafi. Kwana biyar ake karatu a sati. Yaron da ke fashin ranar kasuwa kaɗai ya zubar da kashi ɗaya cikin biyar na karatunsa. Daga CI zuwa CM2 shekara 6 ce, ke nan kafin ya gama firamare ya yi asarar fiye da shekara guda cur, alhali a gida kowa na ganin ɗan lakwal ne. Ribar tallan wannan rana kuwa, sau tari ba ta wuce dala arba'in ko hamsin.

Kuma karatu a jere yake, kamar jeren tubali. A ajin CI yaro ya zo daga gida da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci, ana koya masa baƙaƙe da sautukansu ɗaya bayan ɗaya, galibi cikin Faransancin da bai taɓa ji ba. In ya yi fashi ran da aka yi wani sauti, gobe za a haɗa sautin da wani a yi kalma, shi ko yana zaune yana kallon allo. Haka lissafi: wanda bai ga ɗebewa mai aro ba, in aka zo rabawa sai ya ɓace. Daga nan sai kunya, sai komawa bencin baya, sai ya fara ƙirƙiro ciwon ciki da safe. Mu kuma mu ce yaron ba ya da kai.

Ga shi shekarar karatun kanta gajera ce a karkara. Ana komawa makaranta a farkon Oktoba, daidai lokacin girbin gero da roron wake, lokacin da kowane gida ke neman hannu a gona, zazzaɓin cizon sauro kuma bai gama sauka ba. Inda ajin rumfar kara ne, sai an gama girbi an samu kara kafin a kafa shi, kuma ruwan farko na sauka an tashi. Bayan gobarar da ta ci yara kimanin 20 a unguwar Pays-Bas ta Yamai a watan Afrilun 2021, da ta Maraɗi a watan Nuwamban shekarar wadda ta ci fiye da 20, duk cikin rumfunan kara, ba na ganin laifin uwar da gabanta ke faɗuwa in za ta tura ɗanta irin wannan aji. Gina azuzuwa hakkin gwamnati ne, kuma za mu ci gaba da tuna mata. Amma shekarar da aka riga aka gutsure kai da gindi, ai bai kamata mu ma mu dinga huda tsakiyarta ba.

Mu malamai kuma, laifi tudu ne. Malamin da ya tafi birni ɗaukar albashi ya share kwana huɗu, ko wanda satinsa ke farawa Talata ya ƙare Alhamis, da wane baki zai tuhumi ɗan shekara takwas? Na san wahalar ƴan kwantiragi, ni ma na yi zaman jiran kuɗin wata. Sai dai uban da ya bar ɗansa ya zo lakwal ana tsakar aikin gona, yaron ya dawo ya ce "mushe bai zo ba", gobe gona zai tafi da shi, kuma da gaskiyarsa.

Ga abin da nake yi yanzu, ba ya cin ko dala. Ranar farko in yaro bai zo ba, ina tambayar wanda suke unguwa ɗaya. Rana ta biyu in aika saƙo gida ko in buga waya. Rana ta uku ƙafa ce: ko ni, ko wani daga kwamitin COGES, ko wata daga ƙungiyar iyaye mata, wani ya shiga gidan ya yi sallama. Tambayar farko ita ce "lafiya dai?", don wanda ya shiga da faɗa ba za a gaya masa gaskiya ba. In ciwo ne a kai shi likita. In kaye ko biro ne babu, kwamiti na iya wannan. In talla ce, a roƙi uwar ta bari sai an tashi. In kuma maganar aure ce ta taso, darakta ya sani da wuri, tunda akwai dokar da aka sa wa hannu a watan Disamban 2017 don kare yarinyar da ke cikin karatu.

Ran da yaron ya dawo, a ajiye bulala. Bulalar dawowa ita ke maida fashin kwana biyu ya zama na sati, don yaro ya san abin da ke jiransa. A zaunar da shi kusa da wanda ya gane, ya kwafi abin da ya wuce shi, malam ya ba shi minti goma lokacin shan iska.

Wani abokin aiki zai ce ajinsa ya cika maƙil, ina zai samu lokacin yawon gidaje? Gaskiya ne, amma masu fashin kwana uku a jere ba su da yawa a sati, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa na ce a raba aikin. Mu dubi malaman allo na cikin unguwa: in almajiri bai zo ba, nan take malam zai tura babban ɗalibi ya gano lafiya. Ba su da rajista, amma sun san kowane yaro da ƙofar gidansu.

Ku kuma iyaye, in uzuri ya kama, ku aiko a gaya mana, ko ta bakin ɗan maƙwabta ne. Yaran nan amana ce a wuyanmu da ku. Ni dai duk safiyar da na kira suna aka ce "absan", kakar nan nake tunawa, sai in rubuta sunan a tafin hannuna don kada in manta kafin a tashi. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu ikon riƙe amana.