Wannan Bincike Ne Ko Caca?

'Yan uwa mazauna Sabo da sauran zangunan Kudu.

Ku tambayi ɗalibi a gida yaushe fadar Katagum ta koma Azare. Nan take zai latsa waya. Wani shafin ya ce 1910, wani ya ce 1916, sai ya kwashi wanda ya fara gani ya miƙa wa malami. Wallahi wannan caca ce!

Alhali tun 1972 Victor Low ya wallafa littafi kan masarautun Katagum, Haɗeja da Gombe, daga bakin dattawa. Takardun Turawan mulki kuwa suna can ajiye a Kaduna. To ina ɗan talaka zai samo kuɗin mota? Masu cewa lalaci ke damun yaranmu su amsa wannan tukuna.

A kasuwa ba a sayen hatsi sai an soka buhu an gani. Ilimi ma haka yake. Ƙungiyoyinmu na tara gudummawar biki. Su tara ta littattafai mana, a kai ɗakunan karatu na Azare, yaro ya ga magana da asalinta.

Allah ya sa mu dace.