Mai zuwa hutu shi koyi lissafin madugu

Ba a rasa matafiya a ƙasar nan. Ɗan kasuwar Maraɗi ya san hanyar Kano kamar yunwar cikinsa, na Damagaram ya san kowane lungu na Kantin Kwari, ma'aikacin gwamnati kuwa ba ya shekara bai je aiki wata jaha ba. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne sanin tafiyar hutu. Ranar da mutum ya sami sarari ya ɗauki iyalinsa a mota don su ga ƙasar maƙwabta, sai ya tuƙa su kamar buhunan wake da ake jira a kasuwa: sammako da duhu, gudu ba tsayawa, gari shida cikin kwana huɗu. A komo gida yara sun rame, uwargida ta yi rantsuwar ba ta sake bin sa, shi kuma maigida ya koma bakin aiki ya fi ranar da ya tafi gajiya.

Ra'ayinmu a nan guda ne: tafiyar hutu da zango ake auna ta. Wanga lissafi kuwa gadon gida ne. Madugan da suka riƙa kai ayari Gwanja don sayen goro ba su taɓa tseren isa Salaga ba. Ayari kan tashi da asuba, jagaba na gaba, a sauka tun rana ba ta yi nisa ba a wurin da aka san akwai ruwa da ciyawa, in an kai babban gari kuma a zauna kwanaki, dabbobi su huta, mutane su yi wanki. Madugu ya san inda za a kwana tun kafin a ɗaura wa jaki kaya. Unguwar Zango ta Damagaram da ta Yamai, da zangunan Kumasi da Ankara, duk shaidar wanga tsari ce. Mota ta rage nisa, amma ba ta canza jikin ɗan Adam ba.

Mu ɗauki zagayen da ya fi dacewa da mutumin kudancin Nijar, wato na arewacin Najeriya. Daga Maraɗi zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya kamar kilomita 90 ne. Katsina zuwa Kano kamar 170. Kano zuwa Bauci kamar 300, daga Bauci zuwa sansanin Wikki cikin dajin Yankari kuma kamar 110. A komo Kano, a bi Kazaure da Daura, a ƙetare iyaka a Kwangwalam, a bi Matamaye zuwa Damagaram, kamar 250, sannan a miƙe gida Maraɗi, kamar 235. Duka ya haura kilomita 1,500. Mai alƙalami zai ce ai tuƙin kwana uku ne. To, nan ne ake fara ɓata.

Taswira ba ta ƙirga iyaka. Kilomita 90 na Maraɗi zuwa Katsina kan ci rabin yini, domin kuwa sai an tsaya wa ƴan sanda da ƴan duwan a ɓangarenmu, a tsaya wa jami'an shige da fice da kwastan a ɓangarensu, ban da shingayen da ke jere tsakanin Jibiya da Katsina. Taswira ba ta ƙirga hazon hunturu da kan hana direba hangen nesa ba, ba ta ƙirga cunkoson shiga Kano ba, ba ta ƙirga lokacin salla da cin abinci da fitsarin yara ba. Saboda haka doka ta farko ita ce zango ɗaya a yini, a tashi bayan gari ya waye sarai, a sauka kafin la'asar. Wanda ya ga la'asar ta same shi a hanya, shi tsaya a gari mafi kusa, ko da ba shi ne a takardarsa ba.

Wagga doka ta rai ce. Kowa ya san abin da ƴan bindiga suka yi wa yankin Jibiya da kudancin Madarumfa a shekarun nan, ya kuma san yadda manyan motoci kan mutu a tsakiyar hanya da dare ba fitila ba alama. Direban kaya yana da uzurin da ke sa shi tuƙin dare. Mai hutu ba shi da ko ɗaya. Kafin kowane zango a je tasha a tambayi direbobin da suka biyo hanyar a ranar, domin labarin makon jiya ba ya tsare kowa. In sun ce a dakata, a dakata. Tafiya sannu sannu kwana nesa.

Doka ta biyu: garin da ya cancanci a tsaya, ya cancanci kwana biyu. Kwana ɗaya isa ne da magariba da tashi da safe, ba abin da aka gani sai bangon masauki. Katsina ta fi ƙarfin a ratsa ta kamar tasha, balle ga Bamaraɗe. Daga nan sarakunan Haɓe suka fito bayan jihadi a farkon ƙarni na 19, har zuriyarsu ta kafa Maraɗi, shi ya sa har yau sarautar Katsina ce ake riƙe da ita a fadarmu. Yaron da ya tsaya gindin hasumiyar Gobarau, wadda ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, ya fahimci sunan garinsu fiye da abin da darasin aji zai ba shi. A nan kuma tsohuwar Kwalejin Katsina take, wadda aka buɗe a 1922, inda Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu.

Kano na son kwana uku. Yini guda na tarihi: hawan Dala da sanyin safiya, Gidan Makama, marinar Ƙofar Mata, kasuwar Kurmi. Yini guda kuma na zumunci, kuma a rubuta shi a lissafi tun daga gida, domin ba Bamaraɗe ko Badamagare da zai shiga Kano bai gaida dangi da abokan ciniki ba, gaisuwa kuwa ba ta da agogo. Wanda bai ware mata rana ba, ita za ta cinye masa sauran ranakun. A kuma tuna cewa mutum shida su sauka wa ɗan uwa kwana uku nauyi ne a wanga zamani. A kama masauki, a je masa gaisuwa da tsaraba, zumuncin ya fi daɗewa.

Bauci kwana ɗaya ya isa, a ziyarci kabarin Tafawa Ɓalewa, firaministan da aka kashe a juyin mulkin Janairu 1966. Ma'aikacin gwamnati ba ya rasa abin tunani a wurin. Yankari kwana biyu. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, girmansa ya haura murabba'in kilomita 2,200, akwai giwaye da ɓauna da gwanki, ga ruwan Wikki da ke ɓuɓɓugowa da ɗuminsa, digiri 31 rani da damina. A hanyar komowa a kwana Kano, a kwana Daura don ganin rijiyar Kusugu, a kwana Damagaram. Kwana goma sha ɗaya ke nan, a ƙara ɗaya na ajiya don lalacewar mota ko zazzaɓin yaro. Wanda mako guda kawai yake da shi, shi yanke Bauci da Yankari gaba ɗaya, shi yi Katsina, Kano, Daura cikin natsuwa. Rage garuruwa shi ne magani. Ƙara gudu ba ya ƙara kwanaki.

Lokaci ma sai an zaɓa. Babban hutun ƴan makaranta na faɗowa cikin damina, alhali kuwa a lokacin ciyawa ta rufe Yankari, namun daji sun warwatsu saboda ruwa na ko'ina. Sai da rani suke taruwa bakin kogin Gaji. Hutun ƙarshen Disamba ya fi dacewa, sai dai a tanadi barguna. Mai son hawan salla kuma kada shi rataya dukan tafiyarsa a kansa: UNESCO ta sa hawan Kano cikin gadon al'adun duniya a Disamba 2024, amma a 2024 da 2025 ƴan sanda sun hana hawan saboda rikicin sarauta.

Sai takardu da kuɗi. Ficewar Nijar daga CEDEAO ta tabbata ran 29 ga Janairu 2025, a ranar kuma ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidarmu, a bar mu mu shiga ba biza, har sai an ji wata sanarwa. Abin da aka rataya a kan wata sanarwa, a bincika shi kafin kowace tafiya. A riƙe katin allurar shawara na kowa, takardun haihuwar yara, takardun mota, da inshorar da aka tabbatar tana aiki a ƙetaren iyaka. A manta da tsohon zancen cewa mai a can kyauta ne: tun da aka janye tallafi ran 29 ga Mayu 2023 farashi ya ninka, har lita ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Sefa na ɗaure da yuro, naira kuwa hawa da sauka take, don haka a canza kaɗan kaɗan, na hanya a iyaka, sauran a Wapa ta Kano. Kashi ɗaya cikin huɗu na guzuri kuma kada a taɓa shi. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe tamu da su bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Ba a yi shawara da matafiya ba ko sau ɗaya.

Ga ƴan kasuwa akwai jarrabawa ta musamman. Mota ta zo Kano, ga Kantin Kwari, zuciya za ta ce a cika bayanta da atamfa don kuɗin mai su fita. Wanda ya bi ta, motarsa ta tashi daga ta iyali ta koma ta kaya, ƴan duwan kuma za su karɓe ta a haka, yara na zaune cikin rana ana cinikin kuɗin fito. Taura biyu ba ta taunuwa. Saro na da ranarsa.

Wani zai ce a wanga lokaci na tsadar rayuwa maganar yawon hutu almubazzaranci ce. Ba mu ce kowa na iyawa ba, ba mu kuma ce a ci bashi ba. Amma waɗanda ke iyawa suna kashe abin da ya fi haka a biki guda, kuma ƴaƴansu na girma sun san birnin Dubai a waya, ba su taɓa ganin Kusugu ba. Wani kuma zai ce tun da an riga an ƙona mai, gara a ga ko'ina. Wanda ya ratsa gari goma da gudu bai ga ko ɗaya ba, mai kawai ya ƙona.

Kalma ta ƙarshe ga hukumomin ƙasashen biyu. Yarjejeniyar Dakar ta 1979 ta ba ɗan yankin damar kwana 90 ba biza, amma shingen hanya bai taɓa karanta ta ba. Ko da wace ƙungiya muke, Katsina da Maraɗi ba za su yi hijira su bar juna ba. A rage shingaye, a liƙa abin da doka ta ce a biya a bakin iyaka kowa shi gani, a tsare hanya da rana tukuna. Kafin a yi haka, mai iyali shi zama madugun kansa: shi san zangonsa, shi sauka da rana. Allah shi kiyaye hanya.