Kuɗin Kamfani A Gasar Sinuka

Mai neman kamfani ya ɗauki nauyin gasar sinuka, wasan sanda da ƙwallaye bisa tebur, ya sani ciniki ne: idon 'yan kallo kamfani ke saye. A Ingila, tabar Embassy ta riƙe gasar duniya daga 1976 har 2005, sa'an nan doka ta hana tallan taba. Kamfanin caca, 888.com, ya gaje ta a 2006, kyautar zakara ta sauko daga fam 250,000 zuwa 200,000. Wanda ya jingina da bango ɗaya, ran da ya zube tare za su faɗi. Abin da ya fi, a tara 'yan kasuwa da dama masu kayan halal, a nuna musu yawan 'yan kallo, a rubuta sharaɗi gaban shaidu.