Raddi ga masu wanke mayaudari da hawayensa

Wata magana tana yawo a majalisun matasan Faskari, musamman wajen masu tura finafinan Indiya na fassarar Algaita a waya. Wai fim ɗin soyayya da barkwanci da ke buɗe zuciyar manemin mata ya fi namu zurfi, don haka Kannywood ta je ta koyo. Hujjojinsu uku ne, zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, sun ce fim yana nuna dalili: uwa ta rasu, ko uba ya yi sakaci, ko wata ta taɓa yaudararsa. To, sanin dalili daban, karɓar uzuri daban. Marayu nawa ne tsakanin Daudawa da Mairuwa da ba su taɓa yi wa 'yar kowa alkawarin ƙarya ba? Ana kawo labarin raunin ne daidai lokacin da mai kallo ya fara jin haushin jarumin, don a sanyaya shi.

Na biyu, sun ce ƙarshensa tuba ne, suna kafa hujja da Bachna Ae Haseeno na 2008, inda Raj, wato Ranbir Kapoor, ya bi matan da ya yaudara yana neman gafara. Madalla, ya fi takwarorinsa. Amma ku duba me ya tashe shi. Sai da Gayatri, wadda ya so da gaske, ta ƙi aurensa, ya ɗanɗana abin da ya shayar da wasu. Radhika, wadda ya bari tsaye da kayan amarya tana jiransa ranar ɗaurin aure, ta mayar da shi yaron aike na ɗan lokaci, aka yi dariya, aka yafe, ya koma ya samu wadda yake so. Malamai sun ce in laifi ya shafi haƙƙin mutum, nadama da dainawa da ƙudurin ƙin komawa ba su isa ba, sai an mayar da haƙƙin. Wa ya mayar wa Radhika ranar nan?

Na uku, kuma nan suka fi ƙarfi, sun ce adabi ba wa'azi ba ne, mugun da ba shi da zuciya gunki ne. Na yarda. Ɗan ƙasar nan, Ibrahim Sheme, wanda ya kafa mujallar Fim a 1999, ya daɗe yana kare littattafan soyayya daga masu raina su. Tambayar ita ce zuciyar wa aka buɗe. Balaraba Ramat Yakubu ta amsa tun 1990 a littafinta Alhaki Kwikwiyo Ne. Alhaji Abdu ya kori matarsa Rabi da 'ya'yanta tara saboda amaryarsa Delu, marubuciyar kuwa ta bar shi can, ta bi Rabi bakin murhu inda take dafa abincin sayarwa don yara su ci su je makaranta. Da kantinsa ya ƙone ya dawo, aka matsa wa Rabi ta koma, ba wanda ya rufe littafin yana jin an yi biki.

Abin da masu wannan ra'ayi suka tsallake shi ne manemin matanmu ba gwauron birni ba ne mai gidan sama. Auri-saki ne, yana da waliyyi da sadaki da shaidu. Auren zawarawan da Hisbar Kano ta fara a 2012 ɗinkin ɓarakarsa ne. In za a sa shi a fim, a ba shi zuciya, ba laifi, amma a raba mintunan daidai da matar da ke idda a ɗakin tsohuwarta, da goyo a baya, ba ciyarwa.