Batir Da Wayarin: Ciwon Ɓoye Da Ke Cin Motocin Sienna Da Sharan

Duk mai bin manyan hanyoyin Arewa a 'yan shekarun nan, ko daga tashar Unguwa Uku ta Kano ya taso, ko daga Kawo ta Kaduna, ko kuwa daga Jabi ta Abuja, ya san cewa motocin nan masu kujeru bakwai ko takwas, wato Toyota Sienna da Volkswagen Sharan da direbobinmu ke kira Sharon, suna cikin waɗanda suka gaji tsohuwar Peugeot wajen jigilar fasinja. Haka abin yake a gidajen ma'aikata masu iyali da yawa, inda Sienna ko Honda Odyssey ta zama motar kai yara makaranta da zuwa gida hutun Sallah. To amma in mai karatu ya zauna da masu waɗannan motoci na ɗan lokaci, zai ji kukansu kusan iri ɗaya ne: an ajiye mota lafiya da dare, da safe an murɗa makulli ta yi shiru; an sayi sabon batir, bai cika shekara ba ya mutu; ƙofar gefe mai buɗe kanta ta ƙi rufuwa; fitilun gaban direba suna kamawa suna mutuwa babu dalili. Wasu kuma, Allah Ya kiyaye, warin ƙonewar waya kawai suka ji, kafin su ankara mota ta kama da wuta.

Masu iya magana suka ce ruwa ba ya tsami banza. Nufina a wannan rubutu in bi diddigin wannan kuka, in nuna cewa lamarin ya wuce asarar kuɗin batir, domin ya shafi rayukan fasinjoji, ya shafi yadda ake shigo mana da motoci, ya kuma shafi irin ilimin da ke hannun masu gyara mana su.

Bari mu fara da batirin kansa. Batirin mota na yau da kullum gida shida gare shi a ciki, kowane gida ɗauke da faifan dalma a jiƙe cikin ruwan batir, kuma idan ya cika da caji yakan nuna bolt 12.6 ko kusa da haka. Babban aikinsa shi ne ya juya kik har inji ya tashi. Daga nan sai altaneta ta karɓi aiki, ta riƙa ba da wuta tsakanin bolt 13.5 da 14.5, tana ciyar da mota tana kuma mayar wa batir abin da ya kashe. Babban abokin gaban wannan batir shi ne zafi, wanda ke ƙafar da ruwansa ya kuma cinye faifansa. A Sakkwato da Maiduguri zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin bonet bayan tafiyar awa huɗu. Saboda haka batirin da zai daɗe a Jamus ko Kanada ba zai yi irin wannan ƙarko a nan ba, ko da kuwa na asali ne, balle wanda aka yi wa kwaskwarima aka manna masa sabuwar takarda.

Abu na biyu shi ne satar wuta. Motar zamani ba ta yin barci gaba ɗaya ko an kashe ta. Agogo da rediyo da na'urar karɓar saƙon makulli da kwamfutocin ƙofofi duk suna ɗan tsotsar wuta kaɗan kaɗan, kuma masana sun ɗauki abin da bai wuce miliyamfa 50 ba a matsayin daidai. Amma da zarar ɗaya daga cikin waɗannan na'urori ta ƙi kwanciya, ko wata fitila ta kwana a kunne a cikin but, sai a wayi gari batir ya zube. Motocin da muke magana a kansu sun fi ƙananan motoci fuskantar wannan matsala, saboda yawan kayan lantarkin da aka ɗora musu: ƙofofin gefe masu mota a jikinsu, na'urar sanyaya ɗaki ta gaba da ta baya, talabijin na yara, da wuraren caji a kowane layi. Mu kuma sai mu zo mu ƙara namu, mu sa manyan lasifika, da fitilu masu kashe ido, da na'urar bin sawun mota saboda ɓarayi, kuma akasari a fere waya kawai ake yi a ɗaura a naɗe da salatif. Ma'aikacin da tafiyarsa ba ta wuce gida zuwa ofis a cikin cunkoso shi ya fi shan wahala, domin altaneta ba ta samun isasshen lokacin cika batir, batirin da ya daɗe bai cika ba kuwa faifansa kan yi tsatsar da ke hana shi riƙe caji har abada.

Sai dai kada mu ɗora wa rana da kanmu dukkan laifi. Wasu daga cikin waɗannan cututtuka tun daga masana'anta aka haifi motocin da su, kuma kamfanonin da kansu sun amsa haka. A shekarar 2014 kamfanin Chrysler ya nemi a dawo masa da motocin iyali kimanin 780,000, saboda makunnin tagar baya da ke yin zafi ya kama wuta idan laima ta shige shi. A watan Nuwamba na 2016 kamfanin Toyota ya yi irin wannan kira a Amurka a kan Sienna kimanin 744,000 ƙirar 2011 zuwa 2016, domin an gano cewa idan wani abu ya tokare ƙofar gefe, fis ɗin motar ƙofar na iya yankewa, ƙofar kuma ta buɗe ana cikin tafiya. A farkon 2020 kamfanin Honda ya kira Odyssey kimanin 241,000 ƙirar 2018 zuwa 2020, saboda wayar wurin cajin layi na uku da ke iya matsewa ta haɗa wuta. A watan Fabrairun 2022 kuwa, bayan gobara 12, an gargaɗi masu Chrysler Pacifica mai haɗin fetur da lantarki kusan 20,000 da su daina yi mata caji, su kuma ajiye ta a waje nesa da gidaje har sai an samo magani.

A nan ne sana'ata ta nazarin harshe ta ja hankalina ga wani abu. Wannan ɗabi'a ta kamfani ya kira hajarsa ta dawo domin a gyara, Hausa tana da kalmar da ta dace da ita tsaf, wato kiranye. Asalin kiranye shi ne asirin da ake yi domin a dawo da wanda ya yi nisa da gida, daga baya 'yan jarida suka ara suka yafa wa tanadin tsarin mulkin 1999 na dawo da ɗan majalisar da mazaɓarsa ta gaji da shi. Amma ban taɓa jin an yi amfani da kalmar a kan mota a tasha ko a gareji ba, kuma dalili a fili yake: harshe ba ya raɗa wa abin da masu shi ba su taɓa gani ba suna. A Amurka, idan aka yi wa mota kiranye, kamfani zai aika wa mai ita wasiƙa har gida, ya kuma gyara kyauta muddin motar ba ta haura shekara 15 ba. Motar da aka loda a jirgin ruwa ta sauka a Tin Can ta Legas kuwa, wasiƙarta tana can a akwatin gidan wani Ba'amurke da ya daɗe da rabuwa da ita, ita kuma tana nan tsakanin Zariya da Funtuwa ɗauke da mutum tara da ciwonta a jiki.

Girman lamarin ba ƙarami ba ne. Rahoton da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 nahiyar Afirka suka nufa. A cikin waɗanda ke zuwa mana har da motocin da ambaliya ta shanye. Guguwar Harvey da ta afka wa jihar Texas a 2017, da guguwar Ian da ta afka wa Florida a 2022, kowacce ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci, kamfanonin inshora suka biya masu su, suka kai gawarwakin kasuwar gwanjo. Irin wannan mota idan aka wanke ta aka goge, ido ba zai ga aibinta ba, injinta ma zai tashi. Ruwan da ya shiga mahaɗar wayoyi da kwamfutoci a hankali yake cinsu, sai bayan wata shida ko shekara ciwo ya bayyana, lokacin dillali ya daɗe da cinye ribarsa. Araha dai ba ta ado.

To idan ciwon ya bayyana, wa ake kai wa? Mai wayarin, wanda muka fi sani da riwaya. Ina girmama waɗannan bayin Allah na Fanteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, domin da basirarsu da haƙurinsu ne motocin ƙasar nan ke tafiya. Amma gaskiya ɗaya ce, yawancinsu a kan motocin da ba su da kwamfuta suka koyi aiki, kuma kayan aikinsu bai wuce ƙwan fitila da guntuwar waya ba. Tun 1996 dokar Amurka ta wajabta wa kowace mota wata 'yar kafa a ƙarƙashin sitiyari, wadda idan aka jona na'ura za ta faɗi inda ke mata ciwo. Sai dai amsar da Turanci take zuwa, cikin lambobi da gajerun kalmomin injiniyoyi, littafin motar ma in an same shi da Turanci ne ko Jamusanci. Shi ya sa duk wata na'ura mai tunani a cikin mota, ta inji ce ko ta giya ko ta ƙofa, suna ɗaya muka ba su, birenbos, alhali mota guda tana iya ɗaukar irinsu gommai. Wanda suna ɗaya ke gare shi ga abubuwa talatin, da wuya ya gane wanne ne ya lalace. Sakamakon shi ne canki-canki: a canza batir, a canza altaneta, a canza kik, mai mota yana biya ciwo yana nan.

Mafi muni a cikin duka shi ne ɗaure fis da waya. An yi fis ne domin ya mutu a madadin mota, ya yanke idan wuta ta yi yawa. Wanda ya cire shi ya sa wayar tagulla a gurbinsa ya kori maigadi ne saboda ya cika ihu, ɓarawon kuwa yana cikin gida. Wayar da ta kamata a katse mata wuta sai ta ci gaba da zafi a ƙarƙashin kafet har robarta ta narke. A motar da aka cusa wa fasinja fiye da ƙima, ƙofar gefe kuma ta lantarki ce mai gardama, wani lokacin ga jarkar fetur a but, kowa ya san abin da minti biyu za su iya haifarwa.

Kuma kiɗan yana gab da canzawa. Daga ƙirar 2021 kamfanin Toyota ya daina ƙera Sienna mai fetur zalla, duk wadda ta fito tun daga lokacin mai haɗin fetur da lantarki ce, Volkswagen kuma ya rufe ƙirar Sharan a 2022. Ma'ana, Siennar da za ta cika tashoshinmu nan gaba tana ɗauke da batir na biyu mai ƙarfin sama da bolt 200, wanda wayoyinsa masu launin ruwan lemo ke iya kashe mutum nan take. Yaron garejin da ya saba gwada wuta ta hanyar goga waya ya ga tartsatsi, idan ba a koya masa ba, da ransa zai biya kuɗin wannan darasi.

Akwai kuma tambayar inda mataccen batir ke zuwa. 'Yan gwangwan na saye, a fasa da gatari, a zubar da ruwan a ƙasa, a narka dalmar. Mu a Arewa mun san sharrin dalma, tunda a 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, ko da yake waccan daga haƙar zinariya ta fito. A unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar ta Senegal kuwa, yara 18 ne suka rasu tsakanin 2007 da 2008 sanadiyyar fasa tsofaffin batura a cikin gidaje. Duk batirin da ya mutu kafin lokacinsa ƙarin guba ne a unguwar talakawa. Hukumar NESREA ta fitar da ƙa'idojin kula da batura a 2024, saura mu ga aiki da su a ƙasa.

Mene ne abin yi? Hukumar Kwastan ta fara amfani da lambar jikin mota mai harafi da alƙaluma 17 wajen ƙiyasta haraji tun 2022. Da wannan lambar ce ake duba ko an yi wa motar Amurka kiranye, kyauta, a shafin hukumar NHTSA ta can, da ita ce kuma ake gano tarihin motar da ruwa ya ci. Tunda ana karɓar lambar domin kuɗin shiga, babu hujjar da za ta hana a yi amfani da ita domin kare rai, a hana motar ambaliya shigowa, a kuma sanar da mai saye kiranyen da ke kan motarsa. Hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, ya kamata ta zauna da wakilan waɗannan kamfanoni a Najeriya a kan yadda gyaran kiranye zai iso ga motocin da ke hannunmu. Hukumar SON ta shiga kasuwannin batir da gaske. Hukumar Kiyaye Haɗurra da shugabannin yuniyan na tashoshi su sa duba akwatin fis da ƙofofi cikin sharuɗɗan lodi, kamar yadda ake duba taya. Kwalejojin fasaha da Hukumar NADDC da ƙungiyar makanikai ta NATA su shirya wa masu wayarin horo na gajeren lokaci da harshen da suke ji. Mu kuma malaman sassan Hausa na jami'o'i, lokaci ya yi da za mu je gareji da littafin rubutu, mu tattara kalmomin da kanikawa suka riga suka ƙirƙira, mu haɗa kai da injiniyoyi a cike giɓin da ya rage, a fitar da ƙaramin ƙamus na lantarkin mota.

Kai kuma mai mota, kafin ka biya kuɗi duba lambar jikinta, ka ɗaga kafet ka shinshina, ka leƙa ƙarƙashin kujeru ko akwai tsatsa da busasshen taɓo. Idan batir ya mutu sau biyu a jere, ka nemi a auna cajin altaneta da satar wuta kafin ka sayi na uku. Ka tsabtace kan batir, ka ɗaure shi da kyau, kada ka yarda a ɗaure maka fis da waya komai saurin da kake yi, ka kuma ajiye abin kashe gobara inda hannu zai kai. Rigakafi ya fi magani, gyara kayanka kuma bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu a kan hanya, Ya ba hukumominmu ikon sauke nauyin da ke wuyansu, amin.